Yadda Ƙwayar Halitta Take Toshe Ɓarakar Tantaninta

Sharhinmu na yau ya shafi wani aiki da yake gudana a jikin kowannenmu a daidai wannan lokaci, muna zaune ko muna tafe, ba tare da mun ji ko motsinsa ba. Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kowace ɗaya kuma tana lulluɓe cikin wani tantani da ya raba cikinta da wajenta. Kaurin tantanin nan bai kai nanomita 10 ba. Sai an jibga irinsa wajen 10,000 a kan juna kafin su kai kaurin fallen takarda guda. Mutane da yawa, har da waɗanda suka yi kimiyya a sakandare, sun tashi da fahimtar cewa sau ɗaya ake gina tantanin ya zauna, ranar da ya fashe kuwa ƙwayar ta mutu, magana ta ƙare. A ganina wannan fahimta ta bar rabin labari a baya. Hujjojin da suka taru cikin kusan shekaru ɗari sun nuna cewa yagewar tantani abu ne na yau da kullum a jiki mai ƙoshin lafiya, ƙwayar halitta kuma tana da kayan aikin da ta tanada domin toshe ɓarakar cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan akwai cututtukan da ba za a gane kansu ba sai an kalle su a matsayin gazawar gyara. Maganar da zan kare ke nan, kuma akwai masu ja da ita da suka cancanci a ba su amsa.

Mu fara da abin da aka yi tantanin da shi. Maiƙo ne, wasu 'yan mitsi-mitsin kitse masu kai da jela, kan yana son ruwa, jelar tana gudunsa. Da yake ruwa ne a ciki ruwa ne a waje, sai su jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwa ta kowane ɓangare, jeloli sun ɓuya a tsakiya. Wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka fara kawo shaidar wannan sahu biyu a 1925, bayan sun tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini sun auna faɗin da ya mamaye. A 1972 Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa tantanin yana malala ne, furotin iri-iri suna yawo a cikinsa, wasu ƙofofi, wasu famfunan tura sinadarai ciki ko waje. Abin da ya sa huda a jikinsa take zama batun rai da mutuwa shi ne kalsiyam. Kalsiyam ɗin da yake cikin ruwan da ya kewaye ƙwayar ya ninka wanda yake yawo a cikinta sau 10,000 ko fiye, kuma dare da rana tana ƙona ƙarfinta wajen kiyaye wannan rata. Da zarar kafa ta samu, kalsiyam zai kwararo ciki, ya tada sinadarai masu daddatsa furotin, ya cika ɗakunan samar da ƙarfi har su lalace, kayan cikin ƙwayar kuma suna ta zuba waje. Idan aka ɗauki minti ɗaya ko biyu ba a toshe kafar ba, da wuya ƙwayar ta kai labari.

To, sau nawa hakan yake faruwa? Wanda ya fi dagewa a kan wannan tambaya shi ne Paul McNeil a Amurka, tun daga ƙarshen shekarun 1980, kuma dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Akwai manyan sinadarai, irin su albumin na cikin jini, waɗanda ba su da hanyar ratsa lafiyayyen tantani. Idan aka yanki tsoka aka duba ta da madubin hangen ƙananan halittu, aka tarar da albumin a cikin ƙwayar da take raye, ma'anarsa ta taɓa yagewa, albumin ya shige, sannan ta rufe ta kulle shi a ciki. Ta wannan hanya da makamantanta McNeil da abokan aikinsa suka iske ƙwayoyin da suka ji rauni suka warke a bangon hanji, da fata, da bangon jijiyoyin jini, da tsokar zuciya, a jikin dabbobin da babu abin da yake damunsu. A 1992 suka sa ɓeraye gudu a kan na'urar da aka karkatar ta zama gangare, domin gudun gangare yana tilasta wa tsoka ta miƙe alhali tana ƙoƙarin tsukewa, sai suka ga yawan zaren tsokar da suka yage ya ninka na ɓerayen da aka bari a keji sau da dama. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a sakamakon shi ne, hatta ɓerayen da ba su yi gudu ba an samu yagaggun zare a jikinsu. Idan aka tuna cewa zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, huhu yana buɗewa yana rufewa, abinci yana gogar hanji, manomi yana duƙawa yana ɗagowa da fartanya tun sassafe, abin bai kamata ya ba mu mamaki ba. Jikin da yake motsi, dole tantaninsa ya riƙa yagewa.

Wanda ya san ginin ƙasa ya san sirrin daɗewarsa. Soron da ya shekara ɗari a tsaye a cikin birnin Kano ko Damagaram, damina tana zaizayar sa kowace shekara, masu gida kuma suna sake yaɓe kafin ta dawo, ranar da aka daina yaɓe kuwa ginin ya kama hanyar rushewa. Haka tantanin ƙwayar halitta yake, sai dai nasa yaɓen na daƙiƙoƙi ne. Kuma akwai dalilin da ya sa bai zo da kauri tun farko ba. Ƙwayoyin tsirrai da bakteriya suna da bango mai tauri a bayan tantaninsu, amma bangon yana hana su canza siffa yadda suke so. Ƙwayar dabba tana buƙatar tsukewa da miƙewa, farar ƙwayar jini tana buƙatar kutsawa ta 'yar kafar da ta fi ta ƙanƙanta domin ta cim ma ƙwayar cuta. Wannan 'yancin motsi yana tafe ne da saurin yagewa, saurin yagewa kuma ba ya yiwuwa sai da saurin gyara.

Mai ja na farko zai ce, ai maiƙo da kansa yake haɗewa. Tunda jelolin nan ba sa son ruwa, duk inda aka huda sai bakin hudar ya matso ya rufe, babu buƙatar wasu kayan aiki. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin idan aka haɗa 'yan jakunkunan maiƙo zalla a ɗakin gwaji aka yi musu 'yar mitsitsiyar huda, suna rufewa da kansu. Amma tantanin ƙwaya mai rai a ɗaure yake da wani ƙashin furotin da yake ƙarƙashinsa, a ɗame yake, ɗamewar kuma tana jan bakin rauni ya ƙara buɗewa. Shaida ta farko a kan cewa gyaran aiki ne na rai ta daɗe. A shekarun 1920 da 1930 wani masani mai suna Heilbrunn ya lura cewa idan aka fasa ƙwan bushiyar teku a cikin ruwan teku, nan take wani sabon tantani yake rufe wurin, amma idan aka cire kalsiyam daga ruwan, kayan cikin ƙwan sai su ci gaba da tsiyaya har ya mutu. Ke nan kalsiyam ɗin da zai kashe ƙwayar idan ya yi yawa, shi ne kuma yake sanar da ita cewa an samu ɓaraka, ya nuna mata daidai wurin, tunda a bakin raunin ya fi taruwa. A 1994 Richard Steinhardt da abokansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka ƙara wata hujja mai nauyi. Dafin botulinum, wanda yake shanye tsoka, aikinsa shi ne datse furotin ɗin da suke haɗa 'yan jakunkunan cikin ƙwaya da tantanin waje. Da suka sa wannan dafi a cikin ƙwayoyi sannan suka huda su da allura, sai rufewar ta gagara. Da maiƙo ne kaɗai yake aikin, dafin da yake cin furotin ba shi da abin da zai hana. Hujja ta uku tana cikin jininmu. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum suna zubar da cibiyarsu da duk jakunkunan cikinsu kafin su shiga aiki, kuma a 2003 McNeil da abokansa suka nuna cewa idan aka huda su a yanayi irin na jiki ba sa iya rufewa da sauri kamar sauran ƙwayoyi. Suna da maiƙon, amma ba su da ajiyar tantanin da za su ɗebo.

Mene ne jakunkunan suke yi idan sun iso bakin rauni? Wani gwaji da Terasaki da Miyake da McNeil suka wallafa a 1997 ya nuna abin ƙarara. Sun ɗauki allura siririya suka cusa ɗigon ruwan teku mai ɗauke da rini a tsakiyar ƙwan halittar teku. Hankali zai ba mutum cewa rinin zai bazu ya game ƙwan, amma sai ya tsaya wuri ɗaya. Kalsiyam ɗin cikin ɗigon ya sa jakunkunan da suke kewaye sun narke cikin juna, sun zama sabon tantani da ya killace ruwan. Da aka maimaita da ruwan da babu kalsiyam, rinin ya watsu. Daga nan aka kafa ra'ayin faci: idan rauni ya yi girma, jakunkuna su haɗu su zama babban falle, a liƙa shi a kan ɓarakar. Wasu masanan suka ƙara da cewa ko jakunkunan ba su zama falle ba, shigarsu cikin tantanin waje tana ƙara masa yalwa, ɗamewar ta sassauta, bakin raunin ya samu damar haɗuwa.

Kashi na gaba na labarin ya fito ne daga inda ba a zata ba, kuma ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Norma Andrews, masaniya 'yar asalin Barazil, ba gyaran tantani ta fita nema ba. Tana binciken ƙwayar cutar Chagas ne, wadda likita Carlos Chagas ya bayyana a 1909, cutar da take lalata zuciyar mutane a Latin Amurka. Ƙwayar 'yar'uwa ce ga wadda take kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu a nahiyarmu. A farkon shekarun 1990 ita da ɗalibanta suka lura cewa duk inda ƙwayar cutar ta maƙale a jikin ƙwayar halitta, wasu jakunkuna da ake kira laisosom suna tururuwa zuwa wurin su haɗe da tantanin. A lokacin an ɗauki laisosom a matsayin wurin narkar da shara kawai, babu wanda yake tsammanin ganinsa a bakin ƙofa. A 2001, tana Jami'ar Yel, ta nuna cewa ƙwayoyin halitta na yau da kullum haka suke yi duk lokacin da aka ji musu rauni: kalsiyam ya shigo, laisosom su fito. Daga baya ta juya ga wani nau'in rauni da faci ba zai yi maganinsa ba. Bakteriya da yawa, ciki har da wadda take haddasa nimoniya da wani nau'in sanƙarau, suna fitar da dafin furotin da yake nitsewa cikin tantani ya jeru ya zama zobe, da rami a tsakiya. Bakin irin wannan rami furotin ne, ba zai taɓa haɗewa ba, sai dai a cire shi ɗungurungum. Binciken da aka wallafa a 2008 da 2010 ya nuna yadda ake cirewar. Laisosom yana amayar da wani sinadari a bayan tantanin, sinadarin ya sauya wani nau'in maiƙo ya koma seramaid, seramaid kuma ya sa wurin ya lotsa ciki, har ƙwayar ta haɗiye ramin tare da guntun tantanin da yake kewaye da shi, ta kai shi inda za a narkar. A 2011 aka dawo kan ƙwayar Chagas aka ga dabararta: da gangan take ji wa ƙwayar halitta rauni, idan ta fara haɗiye raunin sai ta haɗiye maharin tare da shi. Masu binciken suna ganin wataƙila wannan ne ya sa cutar ta fi kama tsoka da zuciya, wato ƙwayoyin da suka fi kowa ƙwarewa a gyara.

Bayan haɗiyewa akwai zubarwa. A 2014 wasu masana a Cibiyar Curie da ke Faris suka nuna cewa idan huda ƙarama ce, ƙasa da nanomita 100, wani rukunin furotin da ake kira ESCRT yana taruwa a bakinta daga ciki, ya tura wurin waje ya zama 'yar kumburi, ya shaƙe wuyanta ya tsinke ta, ta faɗi ta tafi da hudar. A ƙwan kwaɗon Afirka, wanda yake da girman da ido yake iya gani, William Bement a Jami'ar Wiskonsin ya nuna tun 1999 cewa zaren aktin da miyosin, waɗanda suke tsuke tsokarmu, suna yin zobe a kewayen babban rauni su riƙa matsewa har ya rufe. Akwai kuma dangin furotin da ake kira aneksin, masu garzayawa bakin rauni da jin kalsiyam, su manne a gefensa su hana shi ƙara buɗewa, su lanƙwasa shi.

A nan mai ja na biyu zai miƙe ya ce: wannan ya ce faci, wancan ya ce haɗiyewa, wani ya ce zubarwa, ashe masanan ma ba su san abin da yake faruwa ba. Saɓanin gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Misali, babban fallen facin da aka gani a ƙwan halittun teku ba a gan shi a sarari haka a ƙwayoyin mutum ba, kuma har yau ana muhawara a kan wace hanya ce take fara tsayar da kwararar kalsiyam, wace ce take zuwa daga baya domin share wuri. Amma a dubi girman raunukan da ake magana a kansu. Ramin dafin bakteriya 'yan gomomin nanomita ne, yagewar zaren tsoka ko ta ƙwai kuwa tana iya ninka shi sau ɗaruruwa. Ƙwan da yake cike maƙil da jakunkuna daban yake da ƙwayar huhu siririya. Neman hanya ɗaya tilo da za ta dace da duk waɗannan shi ne kuskuren. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne inda kusan dukkansu suka haɗu: kalsiyam ne yake kiran gyaran, furotin ne suke amsawa, kuma cikin daƙiƙoƙi ake gamawa. Aikin da rai ya rataya a kansa haka, ba abin mamaki ba ne a same shi da hanyoyi da yawa, idan ɗaya ta kasa wata ta karɓa.

Ja ta uku ta fi kaifi. Yawancin gwaje-gwajen nan da allura ko hasken leza ake huda ƙwayoyin da aka raina a faranti, ko ƙwan halittun da ba su da kusanci da mutum. Wa ya ce haka abin yake a jikin ɗan Adam? Amsar tana wurin marasa lafiya. Akwai wata cutar shanyewar tsoka ta gado da takan bayyana a ƙarshen shekarun samartaka ko farkon shekaru ashirin. Saurayi ne lafiyayye, sau da yawa ma ɗan wasan motsa jiki, sai ya wayi gari ya kasa ɗage a kan yatsun ƙafa, hawan matakala ya zama aiki, sha-raɓarsa ta fara zubewa, bayan wasu shekaru ya koma keken guragu. A 1998 aka gano cewa matsalar tana cikin ƙwayar gadon da take sarrafa wani furotin mai suna disfalin, amma ba a san aikin furotin ɗin ba. A 2003 Kevin Campbell da abokan aikinsa a Jami'ar Ayowa, tare da McNeil, suka zaro zaren tsoka ɗai-ɗai daga ɓerayen da ba su da disfalin da kuma lafiyayyu, suka sa su cikin ruwa mai rinin da yake haske idan ya shiga ƙwaya, suka huda kowanne da leza. A lafiyayyen zare, haske ya ɗan taru a bakin hudar ya tsaya, alamar an rufe. A zaren da babu disfalin, hasken ya ci gaba da ƙaruwa yana mamaye zaren minti bayan minti. Da aka cire kalsiyam daga ruwan, lafiyayyen zaren ma ya koma kamar mara lafiyan. Muhimmin abu shi ne, tantanin waɗannan ɓeraye ba shi da wani rauni na musamman a gininsa. Gyara ne ya gaza, raunukan yau da kullum suka yi ta taruwa har tsoka ta ƙare. A kwatanta da cutar Duchenne, wadda take kama kusan yaro namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. A can furotin distirofin ne babu, wanda aka gano a 1987, mai ɗaure tantanin da ƙashin ƙwayar ya tallafe shi lokacin tsukewa. Tantanin yaron yana yagewa fiye da kima har gyara ya kasa cim ma ɓarna, shi ya sa tun yana ɗan shekara uku zuwa biyar ake ganin yana dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa kafin ya iya miƙewa daga ƙasa. Cututtuka biyu ke nan masu kama da juna a ido, ɗaya yawan yagewa, ɗaya ƙarancin gyara, kuma wanda bai yarda cewa gyara aiki ne mai zaman kansa ba, ba shi da yadda zai bayyana ta biyun.

Mai ja na ƙarshe shi ne wanda na fi jin maganarsa a raina, domin tambayarsa ita ce ta uwa mai jinyar ɗa: duk wannan ilimi, ina maganin? Gaskiya ita ce, har yanzu samu kaɗan ne. Akwai wani sinadari mai suna foloksama 188 da yake iya maƙalewa a wurin da tantani ya lalace ya toshe. A 1992 Raphael Lee a Jami'ar Shikago ya nuna yana ceton tsokar da wutar lantarki ta ji wa rauni, a 2005 kuma aka nuna yana kare zuciyar ɓerayen da ba su da distirofin. An gwada shi a kan ciwon da ya fi shafar gidajenmu, wato sikila. Jar ƙwayar jinin mai sikila tana lanƙwashewa tana miƙewa har tantaninta ya lalace, ya riƙa yoyo yana mannewa a bangon jijiya, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 na lafiyayya. An sa rai sinadarin zai lulluɓe lalataccen tantanin ya rage mannewar, ciwon ya yi saurin lafawa. Wani gwaji a 2001 ya ba da ɗan fata, amma babban gwaji a kan mutum 388, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna bai rage tsawon lokacin tashin ciwon ba. Haka sakamakon ya fito, kuma haka ya kamata a faɗe shi. Akwai wani furotin na tsoka mai suna MG53, da aka gano rawarsa a gyara a 2009, wanda ya taimaka wa dabbobi a gwaji, amma taimakon ɓera mataki ne na farko kawai a doguwar tafiya.

Akwai ma dalilin da ya sa nake ganin bai kamata a yi gaggawar neman maganin da zai ƙarfafa gyara a jiki gaba ɗaya ba. Garkuwar jikinmu da huda take kisa. Sojojin jini da ake kira ƙwayoyin T, idan sun kama ƙwayar ciwon daji, suna fesa mata furotin da yake huda tantaninta domin su zura guba ta ramin. A 2022 wani bincike ya nuna cewa ƙwayoyin dajin suna kiran ESCRT ɗin nan su toshe ramukan, kuma idan aka hana ESCRT aiki sun fi saurin mutuwa a hannun sojojin. Ke nan gyaran da muke roƙon ya ƙaru a tsokar mai cutar disfalin, shi muke so ya ragu a cikin ƙarin ciwon daji, shi kuma ƙwayar Chagas take hawa ta shiga zuciya. Duk maganin da zai fito daga wannan fage sai ya san ƙwayar da zai taimaka da wadda zai bari, wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an san hanyar da kowace irin ƙwaya ta fi dogara da ita. Saɓanin masanan da muka ambata ɗazu, a kan wannan tambaya ake yin sa, shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa a kan ƙwan kwaɗo da bushiyar teku ba asara ba ne.

Kafin maganin ya zo, akwai amfanin da ya riga ya iso asibiti. Idan tantanin tsoka yana yoyo, wani sinadari na cikin tsokar da likitoci suke kira CK yana zuba cikin jini, kuma gwajin jini mai sauƙi yana auna shi. Lafiyayyen mutum da ya yi aikin ƙarfi, CK ɗinsa kan hau ya sauka cikin 'yan kwanaki, saboda ƙwayoyinsa sun rufe. Mai Duchenne ko mai rashin disfalin kuwa nasa yana zama a sama, ninki goma har zuwa ɗari. Sanin wanne ne cikin biyun yana canza jinya. Magungunan sitiroyid suna jinkirta Duchenne, suna ƙara wa yaro shekarun tafiya da ƙafarsa, amma gwajin da aka wallafa daga Jamus a 2013 ya nuna ba sa amfanar masu rashin disfalin, illolinsu kawai suke kwasa. Sau da yawa kuma akan ɗauki cutar disfalin a matsayin kumburin tsoka, a ɗora mutum a kan waɗannan magunguna shekara da shekaru. Yanayin gadonsu ma daban ne. Duchenne ta wajen uwa take bi ta kama 'ya'ya maza, rashin disfalin kuwa sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kamar yadda yake a sikila, don haka ya fi yiwuwa a zuriyar da auren zumunci ya yawaita. Saboda haka yaron da yake yawan faɗuwa yana dafa cinya kafin ya tashi, ko saurayin da ya kasa ɗage a kan yatsun ƙafa, ya kamata iyaye su kai shi a auna masa CK, idan ya yi sama kuma a nemi a tura shi wurin likitan jijiya da tsoka, domin gwajin ƙwayar gado ko na guntun tsoka ne zai tantance wace cutar ce kafin a fara ba shi magani.